Randar Da Na Wanke

Tun da na sako muku hoton goron gwe guda goma, goron da dangin miji ke aikowa in an tsayar da aure, a kan farantin azurfa kuke cika mini waya da fatan alheri. Na gode. Amma ku ɗan dakata, ku fara jin yadda aka yi goron nan ya shigo gidanmu. Wadda ta karanta har ƙarshe ta ga na cancanci addu'a, ta sake turowa. Wadda kuma ta ga zagi ne ya dace da ni, ta saki bakinta, ba zan goge ko ɗaya ba.

Ga sababbin shigowa, sunana Timila, 'yar gidan Maharjan a Kirtipur. Shekarata ashirin da huɗu, ina ajin ƙarshe a kwalejin koyon haɗa giya da tace barasa, can gabas, tafiyar yini guda a mota. Baa, mahaifina, ya rasu ina sakandare, yayana yana aiki a Qatar, gidan daga ni sai Maa.

Maa kuwa, Hera Maya, ko yaron goye a unguwarmu ya san sunanta saboda aila, barasar shinkafar da muke tacewa a gida. Shekara ashirin da shida ita ke dafa ailar gutinmu, ƙungiyar zuriyarmu da ke ɗaukar gawa da shirya bukukuwa. Babbar tukunyar tagulla ta guti a ɗakin girkinmu take zaune, can saman bene, domin a gidan mai dafawa ake ajiye ta. Tun da Baa ya rasu aka cire wa Maa jan kaya, don a wurinmu matar da mijinta ya mutu ba ta sa ja, aka mayar da ita layin baya a kowane biki. Amma da zarar an zuba aila dattawa sun kurɓa, sai ka ji an ce, "Hannun Hera Maya ne." Abin da ya rage mata ke nan a duniya, kuma na fi kowa sanin haka.

Akwai wani abin da ni kaɗai na sani. Shekara biyu da suka wuce ta yi wani zazzaɓi, da ta tashi sai ƙamshi da ɗanɗano suka tafi ba su dawo ba. Ranar da ta gaya mini ta rufe taga tukuna, ta riƙe hannuna ta sa a kanta.

"Rantse mini, Timila. Ko yayanki kar ya ji."

Na rantse. Daga ranar na zama hancinta. Sai ta daidaita buɗe randa da hutuna, ta kara kunne ta ji tsimin yana ƙara, ta matsa shinkafar da yatsu, sannan ta ɗago ta dube ni. Ni kuma in shinshina in ce ya yi, ko a ƙara kwana biyu. Shekara biyu muna haka babu wanda ya gane, har ana cewa ailarta ta ƙara daɗi.

Sai Nini ta shigo da maganar Ujwal.

Nini ƙanwar Baa ce, kuma in ta sa abu a gaba ko kare ya ciji ƙafarta ba ta waiwayowa. Ranar ta haye bene tana haki, ta zube a tabarma ta cire mayafi tana fifita da shi.

"Ke, 'yar kwaleji, ƙawayenki suna goyon 'ya'ya ke kina goyon kwalba. To na samo miki daidai ke. Ɗan gidan Dangol, ya dawo daga Ostareliya, zai buɗe gidan giya na zamani a unguwar Jhamsikhel."

"Nini, ban gama karatu ba."

"Karatun me? Karatun abin da uwarki ta iya ba ta taɓa riƙe biro ba? Wa zai auri mace mai warin yis in ba mai sayar da giya ba? Ki gode wa abin bautarmu Bhairab da ya jefo shi."

Maa tana gefe tana tsince shinkafa ta ce, "Ki bar ta ta gan shi tukuna."

"Ta gan shi? Ke kin ga yayana kafin a kawo ki? Ga shi kin zauna lafiya har kin binne shi."

Maa ta ci gaba da tsince shinkafarta. Haka Nini take, in ta yanka ka sai ta tambaye ka me ya sa kake jini.

Na gan shi, kuma kar in yi muku ƙarya, ya tafi da ni. Dogo ne, ga gemu gyararre, ga baƙar riga mai naɗaɗɗen hannu, agogonsa kuwa ya fi ƙarfin wuyan hannun. Ya kai ni wurin da ake gyara masa, na ga tankunan ƙarfe shida suna ƙyalli, irin waɗanda a kwaleji sai mu goma muke rububin guda ɗaya. Na shafa ɗaya da tafina, ya yi dariya.

"Ba ni kike kallo ba, tanki kike kallo."

"Tankin ya fi ka kyau."

"To ki aure ni ki samu tankin."

Daga ranar wayata ba ta huta ba. Da safe: "Injiniyata ta tashi?" Da rana hoton wani sabon bututu: "Wannan naki ne." Ni kuma ina ɗakin kwanan ɗalibai ina juyi a katifa, ina hango kaina da farar riga da takalmin roba ina ba ma'aikata umarni. Na fara jin kunyar ɗakin girkinmu mai baƙin rufi. Na fara gyara wa Maa magana. In ta ce tsimi ya yi fushi, sai in ce zafi ne ya yi masa yawa, ba ruwan tsimi da fushi.

Yanzu ga abin da na yi.

A hutun da ya wuce Maa ta ce in shirya mata babbar randar tsimi, ita za ta je gona. A gidanmu ba a sa wa randar nan sabulu, ruwa ma ba a cika sa mata ba. A kife ta a rana, a kunna karan shinkafa a cikinta hayaƙi ya ratsa ta, a goge da tsumma, shi ke nan. Haka kakata ta yi, haka surukarta ta yi. Na leƙa ciki na ga baƙi ya yi kauri a jikinta, sai na ji ƙyama. Na ce a raina, shekara uku ana koya mini cewa rabin aikin giya tsabta ne, sannan in zo gida in zuba abin da mutane za su sha a cikin wannan?

A jakata akwai ƙunshin farin garin kulorin da muke wanke bokitai da daɓen ɗakin gwaji da shi. Na dama shi da yawa, na cika randar na bar ta awa uku tana sha. Na dirje ta da buroshi har jan yumɓunta ya fito, na ɗauraye sau uku, na shanya, sannan na ɗan kunna kara a ciki don kar Maa ta ga bambanci. Har hoto na ɗauka ina jin daɗin kaina. Ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba cewa bokitin roba ba ya shan ruwa, yumɓu kuwa yana sha ya riƙe.

Na koma makaranta jarrabawa. Ina can mai duba ya tsayar da ranar da mutanen gidan Dangol za su zo ganina, kuma ranar ta faɗo washegarin takardata ta ƙarshe. Uwar Ujwal ta aiko cewa ba sa aika goro gidan da ba su ɗanɗani ailarsa ba. Dole Maa ta turara shinkafa ta barbaɗa marca, yis ɗinmu na gargajiya, ta zuba a randa, ta tace ita kaɗai ba tare da ni ba. Ta kira ni muryarta ƙasa ƙasa.

"Na sauya ruwan sanyaya tukunya sau uku. Na tsoma yatsa na kai wa fitila, wutar ta kama shuɗiya tas. Ki dai zo da wuri ki shinshina mini kafin su iso."

"Zan zo da wuri, Maa."

Ban zo da wuri ba. Ƙasa ta zabtaro ta tare hanya, motar dare da na hau ta yi awa biyar a tsaye. Na shigo gida ƙarfe ɗaya saura, takalman baƙi suna jere a ƙofa. Nini ta cafke ni a matakala ta ja ni ɗaki tana masifa, ta naɗa mini baƙin zane mai jan baki, ta ɗaure mini ƙugu da farar ɗamara har numfashina ya yi sama. Ta sa mini 'yan kunnen zinaren Maa da abin wuyan azurfa, ta dangwala mini ja a goshi, ta ɗaure gashina da furen roba.

"Nini, bari in hau sama minti ɗaya."

"Ki hau ki yi me? Uwarki ta cika butar anti tun safe. Wuce, kar ki yi tafiyar 'yan makaranta, ki riƙa jan ƙafa."

A falo an shimfiɗa doguwar tabarma. A can kai Nakin ce zaune, matar dattijon gutinmu, tsohuwar da ba a yanke komai a zuriya sai da ita. Kusa da ita Purna Shova, uwar Ujwal, cikin jan sari mai ruwan zinare, zobe a kowane yatsa, ta ɗora jaka a cinya kamar tabarmarmu za ta ɓata mata ita. Ujwal yana ƙarshe da hula a kai, ya kashe mini ido. Faranti sun cika da baji, shinkafar da ake dakawa ta baje, da gasasshen naman ɓauna da dafaffen ƙwai da wainar wake. Maa tana tsaye a bakin ƙofa cikin zanenta marar ja, idonta a kaina. Ta ɗan ɗaga gira tana tambayata, ni kuwa na kawar da kai, don ban samu na shinshina ba.

Na ɗauki anti, butar tagullar nan mai dogon baki. Zubin aila shi ne gwajin yarinya: ki fara daga ƙasa ki riƙa ɗaga hannu har kafaɗa, ruwan ya sauko siriri cikin ɗan kaskon ƙasa ya yi kumfa, ɗigo ɗaya kar ya fita. Tun ina shekara goma nake koyo da ruwa. Na durƙusa gaban Nakin na karkata butar.

Warin ne ya fara iso ni. Warin asibiti, warin filastar ciwo da ta jiƙe. A aji na biyu an taɓa ba mu kwalba mai irin wannan warin aka ce mu faɗi me ya jawo shi, kuma ni ce na fara ɗaga hannu. Amma hannuna bai yi rawa ba, ku ji ni da kyau, na zuba wa kowa har kumfa ta tashi, ɗigo ɗaya bai zuba ba.

Nakin ta tsoma yatsa ta yarfa wa magabata rabonsu, ta kai kaskon baki, sai ta tsaya. Purna Shova ko kurɓa ba ta yi ba, ta shinshina ta ajiye a hankali, ta goge yatsunta da hankici.

"Hera Maya, wani ne ba lafiya a gidan nan?"

"Lafiya lau muke," in ji Maa.

"To. Na ɗauka kuskure aka yi aka ba ni ruwan wankin ciwo."

Maa ta yi dariya, ta zaci wasan surukai ne. Ta matso ta ɗauki kasko ta miƙo mini na zuba mata, ta shanye tas a gabansu, har da ɗan lumshe ido irin na wanda ya ji daɗi.

"Ruwa uku ce, ƙarfi ne ya yi mata yawa. Ku ci nama a kai za ta sauka."

Nini ta kurɓi nata ta furzar a gefen mayafi. Maa tana tsaye da kasko a hannu tana murmushi, tana bin fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya, murmushin yana raguwa.

Ashe Nini, garin tallata ni, ta gaya musu cewa ailar bana hannuna ce, da ilimin kwaleji aka yi ta. Purna Shova ta juyo gare ni gaba ɗaya.

"'Yan mata, an ce mana aikinki ne. In wannan ake koya muku a makarantar, ai ɗana zai rufe shago kafin ya buɗe. Ujwal, wannan ce injiniyar taka?"

Na dubi Ujwal. Ya riƙe kaskonsa a ƙarƙashin hanci yana kallona ta samansa.

Masu karatu, ina so in ce muku na rikice ne, bakina ya suɓuce. Ƙarya ne. Na yi tunani sarai. Na ga tankuna shida, na ga Maa, na auna, sannan na buɗe baki.

"Ni ba na gari, yau na dawo. Maa ce ta yi ita kaɗai." Na sunkuyar da kai kamar mai jin tausayi. "Kuma kar ku ga laifinta. Shekara biyu ke nan ba ta jin ƙamshi, ba ta jin ɗanɗano."

Da na tsaya a nan ma da sauƙi. Amma na ga Purna Shova ta ɗan saki fuska, sai na ƙara.

"Duk ailar da aka sha a guti shekara biyun nan, hancina ne ya gwada ta."

Kaskon hannun Maa bai faɗi ba. Ta ajiye shi a kan faranti a hankali, ta gyara mayafinta. Ba ta dube ni ba.

"Gaskiya ne, Hera Maya?" in ji Nakin.

"Mura ce take damuna kwanan nan."

"Matso nan. Rufe idonki."

Mace mai shekara hamsin da uku ta durƙusa gaban baƙi ta rufe ido kamar yarinya. Nakin ta ɗauki ƙwayar tafarnuwa daga farantin nama ta murje ta da farce, ta kai mata dab da hanci.

"Mene ne wannan?"

Na ga hancin Maa yana motsi, tana ja da ƙarfi. Ni da ke gefe warin har idona yake shiga.

"Citta ce," in ji Maa.

Purna Shova ta tuntsire da dariya ta rufe baki da hankici. Nini ta dafe ƙirji ta ce, "Na shiga uku, ashe gawa muke ba wa girki!" Nakin ita ba ta yi dariya ba, ta jefar da tafarnuwar a faranti.

"Shekara biyu muna miƙa wa magabata abin da mai dafawa ba ta san me ta dafa ba. Ki yi ciwo ba laifi ba ne, ɓoyewar ce cin amana. Za a zo a ɗauki tukunya."

Maa ta buɗe ido ta ce, "To." Ta tashi ta kwashe kasake, ta sauko da lemon kwalba, ta ci gaba da ƙara wa baƙi baji da nama har suka ƙoshi. Da za su tafi Purna Shova ta kama haɓata ta juya fuskata hagu da dama.

"Yarinyar tana da gaskiya, kuma hannunta ba ya rawa. Ba laifinta ba ne gidan da ta fito."

Ni kuwa na durƙusa na taɓa ƙafarta.

Da yamma ina cire 'yan kunne saƙon Ujwal ya shigo.

"Kulorin ne."

Na zauna a bakin gado. Wani ya sake shigowa.

"An wanke randar ƙasa da kulorin. Tun kafin a miƙo mini kasko na ji. Maa ɗinki ko sunansa ba ta sani ba."

Na rubuta na goge, na rubuta na goge. A ƙarshe na tura, "Za ka faɗa?"

"In faɗa wa wa? Kin burge ni ma. Macen da za ta iya yin haka a gaban uwarta idonta a bushe, ba mai cutar ta a kasuwa."

Ya sa hoton fuska mai dariya har uku. Ina kallon su wani saƙon ya biyo baya.

"Amma tankuna kam ki manta. Na riga na yi magana da wani injiniya daga Bangalore. Takardarki za mu rataya a bango, ke kuma ki sa baƙin zanen nan ki riƙa zuba wa Turawa aila daga sama. Yau kin yi kyau sosai."

"Ba haka muka yi da kai ba."

"Da Maa ɗinki ma ba haka kuka yi ba. Ki huta, injiniyata."

Na kife wayar. Na so in yi kuka, kukan ya ƙi zuwa, haushi ne kawai ya cika ni, kuma abin kunyar shi ne haushin tankunan ya fi yawa a ciki.

Bayan kwana huɗu goro ya iso da kayan zaƙi da 'ya'yan itace tire goma sha biyu. Nini ta yi ta shiga tana fita kamar ita aka kawo wa. A ranar ne kuma, ana tsakiyar karɓar baƙi, mata biyu daga gidan Nakin suka hau bene da igiya da sanda. Tukunyar ba ta wuce matakala sai an karkata ta, kuma Maa ce kaɗai ta san yadda ake yi, don haka ita ta kama musu har ƙasa. Maƙwabta sun fito tagogi suna kallo. Wata ta ɗaga murya ta ce, "Hera Maya, ashe shi ya sa miyarki ta bikin bara gishiri ya yi mata yawa!" Aka yi dariya. Maa ta tsaya a ƙofa har suka sha kwana, sannan ta dawo ta ci gaba da raba wa baƙina shayi. Hoton da na sako muku a ranar na ɗauke shi.

Kwana shida ke nan ba ta yi mini maganar ba. Ba ta zage ni ba, ba ta daina zuba mini abinci ba. Da ta mare ni da na samu sauƙi.

Yau da safe na hau sama ɗaukar ruwan zafi na same ta zaune a ƙasa, kusa da inda tukunyar take a da, wurin ya bar zagayen fari a daɓe. Ta baza ƙullin marca a faifai tana juya su ɗaya bayan ɗaya.

"Zo ki zauna, Timila."

Na zauna nesa kaɗan. Na ce yau ce ranar, na shirya wuyana.

"Abin da kika faɗa, kin faɗa. Yarinya ce ke, kin ji tsoro, aurenki ne a kan layi. Ni ce na ɗora miki kayan da ya fi ƙarfinki." Ta ɗaga ƙulli ɗaya ta kai hanci, ta tuna, ta ajiye. "Abin da ya hana ni sukuni daban ne. Wane irin wari suka ji? Kwatanta mini."

"Kamar... kamar magani, Maa."

"Magani." Ta jinjina kai. "Shekara talatin ban taɓa jin aila ta yi warin magani ba. Na bi komai a kaina. Shinkafar daga gonarmu ce. Marcan wanda na saba ne. Itacen busasshe ne, ruwan na rijiyar ƙasa ne. Randa kuma ke kika shirya ta da hannunki, ita kam ba ni da shakka a kanta." Ta dube ni, karo na farko cikin kwana shida. "Ke kika yi karatun. Gaya mini inda na kuskure."

Idonta ya faɗa, gashinta ko mai ba ta shafa ba. Randar tana bayanta a kife, jan yumɓunta yana leƙowa ta ƙarƙashin ɗan hayaƙin da na shafa mata. Kalma huɗu kawai ake buƙata, kuma suna kan harshena.

"Wataƙila kin bar tsimin ya wuce kwana," na ce.

"Kwana nawa?"

"Biyu. Ko uku."

Ta ƙirga da yatsu, sai na ga fuskarta ta ɗan washe.

"Haka ne. Ranar da ya kamata in buɗe na je gaisuwar mutuwa. Kin gani? Abu kaɗan ne ashe. Na gode, 'yata."

Ta miƙe da ƙarfin da ban gan ta da shi ba tun ranar, ta karkaɗe zane.

"Jiya na je gidan Nakin. Na durƙusa mata a tsakar gida gaban surukanta, na ce ta ba ni dama ɗaya. Ta ce in sake dafawa da ƙaramar tukunyar gida, ita da dattawa biyar za su zo su ɗanɗana a makon bikinki, gaban mutanen gidan Dangol. In ta yi, tukunya ta dawo. In ba ta yi ba, kar in ƙara taɓa anti a zuriyar nan har in mutu." Ta dafa randar da tafinta. "Wannan karon kina nan, ba abin da zai faru. Kama mini mu juya ta, shinkafar ta huce."

Na dubi randar, na dubi hannunta a kai. Wayata ta yi ƙara a ƙuguna, Ujwal ne ya turo hotunan katin biki kala uku in zaɓa.

Na tashi na kama ɗaya gefen. Muka juya ta tare, na riƙe mata baki, ta zuba shinkafar har wuya.